Gwaggo da Amaryar 'Yan Momon

Na yi shekaru ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibitin kuɗi a kudancin Jidda, irin wanda muke kira mustausaf. Aikina in duba iƙama, wato katin izinin zama a ƙasar, in buɗe fayil, in kuma yi tafinta idan wata tsohuwarmu ta zo ta kasa gaya wa likita inda ke mata ciwo. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, don haka Hausata ta gida ce, a cakuɗe take da Larabci kamar shinkafa da wake.

A wannan asibitin na haɗu da wata nas 'yar Gana. Kowa Sista yake ce mata, ni ma haka zan kira ta a nan. Doguwa ce, kakkaura, kuma kafin ka gan ta ka riga ka ji ta. Idan ta yi dariya a ɗakin allura, mai ba da magani a can ƙofar shiga sai ya ɗaga kai. Shugaban asibitin ya sha aiko mata da saƙo cewa ta rage murya, ta rage na yini guda, washegari abin ya dawo. A Kumasi ta tashi, gidansu na jikin zango, unguwar Hausawa, shi ya sa take jin Hausa. Amma Hausarta ba ta san mace ba. Ranar da muka fara gaisawa ta ce da ni, "Ka kwana lafiya?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana. Ban da wuri ɗaya, zan gyara mata Hausar a cikin wannan labari, don kada mai karatu ya yi ta waige kamar yadda na yi.

Satin farko na zuba mata shayi, ta ce ta gode, ba ta sha. Na ce to ga gahawa, ta ce ita ma haka. Na ɗauka gyambon ciki take da shi, har na fara ba ta labarin wani magani da mijina ya sha. Sai ta ce ba ciwo ba ne, addini ne. Kirista ce, amma daga cikin waɗanda ake kira Momon, kuma su ba sa shan giya, ba sa shan taba, ba sa shan shayi da gahawa. Na ce giya da taba mun yi tarayya, amma me shayi ya yi musu? Ta ce ita ma ta taɓa tambaya tana yarinya, daga baya ta ga alkawari ne ta ɗauka, kuma alkawari ba sai ya yi maka daɗi ba. Tun daga ranar nake tafasa mata ruwa da na'ana'a, ni ina shan shayina, muna hira a ɗan ɗakin hutawa idan marasa lafiya sun yi sauƙi.

A irin wannan hira na san cewa ta kusa shekara arba'in kuma ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma taɓa sanin namiji ba. A addininsu, in ji ta, wannan abu na ma'aurata ne kaɗai, kuma dokar ɗaya ce a kan mace da namiji. Na ce mu ma haka ne. Ta ce ta sani, amma mu yawanci ba ma daɗewa muna jira, ita kuwa mazan cocinsu a garinsu ba su da yawa, waɗanda ke akwai an kwashe su tun tana makarantar koyon jinya.

Da a ce mai sanyin zuciya ce, da abin ya zo mata da sauƙi. To ba haka Allah ya yi ta ba. Sista tana da ido. Kyakkyawan namiji ba ya wucewa ba ta gan shi ba, kuma ba ta iya ɓoyewa. Duk bayan 'yan watanni sai ta zo ta jingina da teburina, ta dafa ƙirji, ta ce, "Ƙawata, na sake faɗawa." Wani karon likitan haƙori ne ɗan Sudan mai wushirya. Wani karon mai ɗaukar hoton ƙirji ne ɗan Masar, wanda ita kaɗai ta lura yana da dogon gashin ido. Ba ta taɓa gaya wa ko ɗayansu ba. Abin da take yi shi ne ta nemi a sauya mata lokacin aiki, ta daina bin hanyar da za ta haɗa su, har abin ya lafa. Ni kuwa ina ganin an sauya jadawali sai in fara duba ma'aikata in gano ko wane ne.

Suna da azumin da suke yi sau ɗaya a wata, kuma ta ce min ta yi shekaru tana roƙon abu guda a cikinsa: Allah ya cire mata wannan hali, ya mai da ita mace mai sanyi, mai magana a hankali, wadda ba ta ganin kowa. Bai cire ba. Akwai wata dattijuwa 'yar Filifin a cikin 'yan cocinsu, waɗanda ke taruwa ranar Juma'a a gidan ɗayansu, ita ce ta ce mata roƙon nata ne ba daidai ba. Ta ce sha'awa ba datti ba ce da za a share, Allah ne ya sa ta a jikin mutum da gangan, kamar wutar girki. Ba a cewa a kashe wuta a duniya, a kan murhu ake ajiye ta. Sista ta ce maganar ta shige ta, sai dai ita tata wutar ta gidan biki ce. Daga nan ta daina roƙon a sauya ta, ta koma roƙon a ba ta murhu.

Murhun kuwa ashe yana zaune kusa da ita kowace Juma'a. Wani ɗan ƙasarsu ne mai gyaran manyan janareto, gajere, mai sanƙo, wanda bai taɓa shiga jerin waɗanda ta faɗa wa ba. Ya yi aiki a ɗakin injin jiragen ruwa yana saurayi, kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai a hankali. Ba ya magana sosai, shi ya sa har ya manyanta bai yi aure ba. Wata rana bayan an tashi daga ibada ya tsaya a gabanta, yana murza hannu, ya ce mata ya yi shekaru yana gyaɗa wa mutane kai ba tare da ya ji abin da suka faɗa ba, amma ita tun ranar da ta zo bai taɓa cewa ta maimaita ba. Ya ce idan ba ta da wani, yana so ya ci gaba da jin ta.

Washegari ta zo min a ruɗe. Abin da aka yi ta yi mata faɗa a kai tun tana yarinya, shi wani ya gani ya ce yana so. Amma zuciyarta ba ta buga ba ko sau ɗaya, ita da zuciyarta ke bugawa a kan mai kawo ruwan sha ma. Ta yi addu'a, ta yi azumi, ta ce abin da take ji natsuwa ce kawai, kuma ba ta saba da natsuwa ba, ba ta san ko amsa ce ko gajiya ba.

Ba sa keɓewa su biyu, ko da gari ya ba su dama. Don haka ni da mijina muka zama 'yan rakiya. Mukan ɗauke su da la'asar mu tafi bakin teku, su yi gaba, mu bi su a baya kamar iyayen amarya. Ranar farko mijina ya ja shi gefe ya yi masa doguwar nasiha a kan haƙuri da mata, mutumin yana ta gyaɗa kai. Sai da muka dawo gida na gaya masa ta gefen hagu ya tsaya.

A fita ta uku ko ta huɗu motarmu ta ƙi tashi. Mai gyaran janareton ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya buɗe gaban motar ya sunkuya. Muna tsaye ni da Sista a inuwa, sai na ji ta damƙe min hannu har ya yi zafi. Idonta na kan damatsansa. Ta sunkuyo, a karo na farko a saninmu ta yi raɗa, ta ce, "Ƙawata, na faɗa." Aka sa rana, za su tafi Gana a hutunsu a ɗaura.

Na zaci daga nan sai murna. Amma da ranar ta matso sai dariyarta ta ɗauke. Har shugaban asibitin ya tambaye ni ko ba ta da lafiya. Wata rana da azahar na same ta a ɗakin hutawa, ruwan na'ana'arta ya huce ba ta sha ba. Ta ce tsoro take ji. Tun tana budurwa take ce wa jikinta a'a, kullum a'a, har ya zame mata kamar numfashi. Yanzu an ce rana ɗaya za ta zo ta ce eh. Tana tsoron bakinta ya faɗa, jikinta ya ƙi, ko kuma ta wayi gari tana jin kamar ta yi wa Allah laifi alhali ba ta yi ba. Mahaifiyarta ta rasu. Matan cocinsu sun zaunar da ita sun yi mata magana mai kyau, cewa abu ne mai tsarki, amma ta ce tsarkin ne ma ya ƙara firgita ta. Ilimin jiki kuwa nas ce, ta fi su sani. Ba shi ta rasa ba.

Na ce ta shirya, ranar hutunmu zan kai ta wurin Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Duk rayuwarta gyaran amare take yi a Karantina: dilka, halawa, lalle, turaren tsuguno, humra. Da aka rushe unguwar ta kwashe tukwanenta da kwalabenta ta koma wani bene a Waziriyya, inda maƙwabta suka yi ta ƙorafin hayaƙi har 'ya'yansu mata suka fara aure, sai ƙorafin ya tsaya. Ta yi aure uku, ta binne biyu, ta bar ɗaya da ransa, kuma babu maganar da take jin nauyin faɗa.

Muna shiga Sista ta durƙusa ta ce, "Mma, ka wuni lafiya?" Gwaggo ta kalle ta sama da ƙasa, ta kalle ni, ta ce a ina na samo wadda ke mai da tsofaffi maza. Na yi bayani. Aka kawo shayi, Sista ta ba da haƙuri, na sake yin bayani. Gwaggo ta ce ta ga addinai a Jidda, amma ba ta taɓa ganin wanda ke gaba da butar shayi ba. Ta sa aka kawo mata zoɓo. Da ta ɗauko tsimi kuma, Sista ta tambaya a hankali ko akwai wani abu mai sa maye a ciki. Gwaggo ta ajiye kwalbar ta ce hajjinta ya fi a ƙirga, sannan ta lissafo mata duk abin da ke ciki, daga rake har kanumfari. Sista ta sha, ta nemi ƙari.

Gwaggo ta tambaye ta yadda aurensu yake. Sista ta ce a ɗakin ibadarsu na musamman ake ɗaurawa, kuma ba a cewa sai mutuwa ta raba. A wurinsu aure yana wucewa har bayan mutuwa, miji da mata su tashi da jikinsu, su ci gaba da zama tare har abada.

Gwaggo ta ce, "Har Lahira? Da mutum ɗaya?"

"Da mutum ɗaya, Mma."

"Kuma kin gan shi da kyau, 'yar nan? Kin ga yadda yake cin abinci?"

Sista ta ce ta gani. Gwaggo ta ce to Allah ya ba da sa'a, ita dai da a ce da mijinta na biyu aka yi mata irin wannan ɗauri, da ta nemi a sake duba shari'ar. Na farkon kuwa, ta ce, ba za ta ƙi ba. Ta faɗi haka ta ɗan kau da kai, ta shiga gyara garwashi.

Da aka zo dilka, Sista ta tsaya tana jan abaya. Ta ce akwai wasu fararen tufafi da take sawa a ciki, ba ta son cire su a gaban mutane ko a ajiye su a ƙasa. Gwaggo ta ce laya ce ke nan. Sista ta ce ba laya ba ce, ba sa kare ta daga komai sai mantuwa, tuni ne na alkawarin da ta yi wa Allah. Na zaci Gwaggo za ta yi wani barkwancin, amma sai ta tashi ta buɗe ɗakinta na ciki, ta shimfiɗa sabon tawul a kan durowa, ta miƙa mata zane, ta ja ƙofar.

Ana cikin murzar dilka Sista ta faɗi tsoronta, kamar yadda ta faɗa min. Gwaggo ba ta daina murza ba. Ta tambaye ta, duk wannan a'a da ta yi ta yi, don wa ta yi? Sista ta ce don Allah.

"To eh ɗin na wane ne? Na shaiɗan? Wanda ya ce ki tsaya shi ne ya ce ki wuce. Kin taɓa ganin mai azumi ya ji an kira magariba ya ce shi kunyar dabino yake ji?"

Sista ta fashe da dariya har kwanon dilka ya kusa kifewa, maƙwabciya ta leƙo ta taga. Daga nan Gwaggo ta shiga karatu na gaske, wanda ba zan rubuta shi duka ba. Ta ce kunya abu ne mai kyau, amma a bakin ƙofa ake cire ta tare da takalmi, da safe a saka. Ta ce daren farko ba jarrabawa ba ce, babu wanda zai ba da sakamako, idan abin ya zo da ban dariya su yi dariya, idan sun gaji su yi barci, tunda su ma sun ce har abada ne, saurin me suke yi. Ta ce shi ma mutumin tsoron yake ji, wataƙila ya fi ta. Ta ce mace ta faɗi abin da take so da bakinta, namiji ba boka ba ne. Sai na tuna mata batun kunnen. Gwaggo ta ce to lalle ta tabbata ta zaɓi gefen gado tun ranar farko, kada ta yi shekara tana zuba zance a rijiya.

Ni da na yi shekaru da aure, ina gefe ina dama lalle, na tsinci abin da na tsinta. Malamanmu sun sha faɗa cewa abin da ke tsakanin miji da mata lada ne, amma ban taɓa jin maganar ta zauna min ba sai ranar, daga bakin tsohuwa mai hannu duk dilka, tana yi wa Kirista bayani.

Kwanaki muka yi muna zuwa. A rana ta ƙarshe aka yi mata turaren tsuguno, ta zauna cikin bargo tana zufa tana rera waƙoƙin cocinsu, Gwaggo na kaɗa kai tana cewa muryar dai ta yabon Annabi ce aka kai wani wuri. Da muka sauko, angon ne ya zo ɗaukarmu da motar wurin aikinsa. Muka shiga baya. Ba mu yi nisa ba ƙamshin ya cika motar. Na ga bayan wuyansa ya fara sheƙi. Ya sauke gilashinsa, ya sauke na ɗaya gefen, ga zafin Jidda ana hura wuta. Ya wuce kwanar da za mu bi, ya zagayo, ya sake wuce ta. Sannan mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku ba ya kama waƙar coci da ƙarfi, idonsa a kan titi, bai daina ba har ƙofar gidan ma'aikatan jinya. Sista ta cusa fuska a kafaɗata, jikinta na rawa don dariya. Da na ba Gwaggo labari ta ce alhamdu lillahi, hancin dai yana aiki.

Ban je bikin ba, iƙamata da hidimar yara ba su bar ni ba. Hotuna na gani: ita cikin farar riga mai dogon hannu, da lallen Gwaggo a yatsunta, shi kuma a gefenta yana kai mata kafaɗa. Bayan hutu suka dawo, suka kama ɗan gida a unguwar Sa'alaba. Ranar da ta koma aiki, tun daga bakin titi na san ta iso.

Muka je gaida Gwaggo da tsarabar atamfa. Ko zama ba mu gama yi ba Gwaggo ta ce, "To?" Sista ta rufe fuska da mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Daga cikin mayafin ta ce daren farko hira suka yi, suka yi addu'a, barci ya kwashe su da kayan biki a jikinsu. Na biyu ma kusan haka. Gwaggo ta ce ba tarihin Gana ta tambaya ba. Sista ta sauke mayafin ta ce, "Mma, na yi wa Allah godiya da safe, kuma ban ji kunyarsa ba." Gwaggo ta ce halas, magana ta ƙare, abin da take son ji ke nan.

Na tambaye ta daga baya ko idon nata ya warke. Ta ce ina, har yanzu tana ganin kyakkyawa idan ya wuce, aure bai makantar da ita ba. Bambancin kawai yanzu takan ce Allah ya yi halitta, ta wuce gida. Wani lokaci ma takan gaya wa mijin, shi kuma ya ce bai ji ba.

Sun ƙara kamar shekara biyu a Jidda, kwangilarsa ta ƙare, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, bai sabunta ba, suka koma gida. Yanzu tana aiki a wani asibiti a bakin teku a can ƙasarsu. Ba su samu haihuwa ba tukuna, suna riƙon 'yar ƙanwarsa, kuma ta ce ta bar wa Allah wannan kamar yadda ta bar masa batun auren.

Bara Gwaggo ta kwanta rashin lafiya, har muka tsorata. Na gaya wa Sista ta waya. Ta ce ita da mijinta za su yi azumi, su sa ta a addu'a. Na isar da saƙon ina ɗan ɗari-ɗari, don ban san yadda Gwaggo za ta ɗauka ba. Tana kwance, carbi a hannu, ta ce Allah ya yi wa yarinyar albarka, amma in gaya mata kada ta ɓata azuminta wurin roƙa mata tsawon rai, ta riga ta samu wannan. Gwiwoyi take so, don benen nan na Waziriyya ba shi da imani. Ta tashi daga ciwon. Gwiwoyin dai har yau sai a hankali, ni nake hawa da cefanenta duk ranar Asabar.